Yadda Duwatsu Ke Lanƙwasa da Karyewa, da Asalin Girgizar Ƙasa

Gabatarwa

A bakin Bahaushe dutse shi ne misalin abin da ba ya motsi, ba ya kuma sakewa. Dala da Gwauron Dutse a Kano, da Kufena a Zariya, da Zuma a kan hanyar Abuja, duk yadda kakanninmu suka gan su haka muke ganinsu. Amma masana ilmin duwatsu sun tabbatar da cewa dutse yana matsuwa, yana miƙewa, yana lanƙwasa, yana kuma karyewa. Sai dai yawancin wannan aiki a can ƙarƙashin ƙasa yake faruwa, sannu a hankali, cikin dubban shekaru. Ran da ƙarfin da ya daɗe yana taruwa ya fi ƙarfin dutse, ya karya shi farat ɗaya, ran nan ne mutane ke cewa an yi girgizar ƙasa.

Wannan darasi zai bayyana wa mai karatu inda ƙarfin yake fitowa, da yadda dutse ke amsa shi, da matsayin Nijeriya a cikin al'amarin, da kuma abin da ya wajaba kowane ɗan ƙasa ya sani domin kare ransa da na iyalinsa.

1. Ƙasar da muke takawa

A ɗauki duniya kamar mangwaro: akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyarta tafiyar kilomita 6,371 ce. Ɓawon kuwa siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai wuce kilomita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin teku ba, a tudu kuma kimanin kilomita 35, ko da yake a ƙarƙashin manyan tsaunuka yakan kai 70.

Ɓawon nan tare da saman tsokar a tsattsage suke, kamar ƙwaryar da ta fashe aka harhaɗa gutattsarinta. Kowane babban guntu za mu kira shi faifai. Akwai faifan Afirka, wanda ke ɗauke da mu, akwai na Amurka ta Kudu, da na Amurka ta Arewa, da na Turai da Asiya, da na Tekun Fasifik, da sauransu. Faya-fayan nan suna kwance ne a kan dutse mai zafin gaske, wanda saboda zafin yake iya malalawa sannu-sannu, don haka suke tafiya. Saurin tafiyarsu 'yan santimita ne a shekara, watau kamar saurin tsiron farce. Alal misali, Tekun Atlantika yana ƙara faɗi da santimita 2 zuwa 4 kowace shekara.

Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener shi ne ya shahara da kawo maganar tafiyar nahiyoyi a 1912. Cikin hujjojinsa akwai yadda gaɓar Afirka ta Yamma ta dace da gaɓar Barazil kamar an yage su daga ƙyalle ɗaya. Masana da yawa sun ƙi maganarsa, sai a shekarun 1960, bayan an auna ƙarƙashin teku, aka tabbatar da ita.

To, in faya-fayai masu nauyi haka suna tafiya, wasu suna karo, wasu suna rabuwa, wasu suna gogar juna, lalle duwatsun da ke bakinsu su ji a jikinsu.

2. Ƙarfi iri huɗu

Na farko shi ne dannin nauyi. Dutsen da ke ƙasa yana ɗauke da dukan abin da ke bisansa, nauyin kuma yana matse shi ta kowace fuska daidai wa daida, kamar yadda ruwa ke matse mai nutso. A zurfin kilomita 10, wurin da bai fi faɗin farcen yatsa ba yana ɗauke da nauyin kusan tan 3. Wannan danni yana tsuke dutse, yana toshe ƙofofinsa, amma ba ya karkata siffarsa, tun da babu ɓangaren da ya fi wani.

Sauran ukun su ne masu jirkita siffa, domin ta fuska ɗaya suke zuwa. Akwai matsi, inda ake tura dutse daga ɓangarori biyu, ya gajarce ya yi kauri. Ana samunsa inda faya-fayai ke karo. Akwai ja, inda ake fizgar dutse ta ɓangarori biyu, ya miƙe ya sirance. Ana samunsa inda faya-fayai ke rabuwa. Akwai kuma guga, inda wannan ɓangare ya nufi gabas, wancan ya nufi yamma, suna shafar juna kamar tafin hannu biyu na mai murza igiya.

3. Yadda dutse ke amsa ƙarfi

Dutse yana amsa ƙarfi ta hanya uku, kowace kuwa muna da misalinta a gida.

Ta farko ita ce ta baka. Maharbi ya ja tsirkiya, baka ya lanƙwasa, ya saki, baka ya koma yadda yake. Haka dutse yake in ƙarfin bai yi yawa ba: yakan ɗan lanƙwasa, ya ajiye ƙarfin a jikinsa, in an sake shi ya koma. A riƙe wannan da kyau, domin a nan asirin girgizar ƙasa yake.

Ta biyu ita ce ta ɗanyen yumɓu. Maginiyar tukwane ta murɗa shi, ya zauna yadda ta murɗa, bai tsage ba, bai kuma koma ba.

Ta uku ita ce ta gasasshiyar tukunya, wadda ba ta san lanƙwasa ba. In ƙarfi ya fi ta sai ta fashe.

Mene ne ke sa dutse ya bi wannan hanya ko waccan? Abu huɗu ne. Na ɗaya zafi. Maƙeri ya san ƙarfe mai sanyi gardama gare shi, amma in ya yi ja a wuta sai yadda aka yi da shi. A cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Na biyu dannin nauyi, wanda ke hana tsaga buɗewa, saboda haka dutsen da ke can zurfi ya fi saurin lanƙwasa da fashewa. Na uku gaggawa ko jinkiri. In ka tanƙwara kyandir da sauri zai karye, in kuwa ka jingine shi a ɗaki lokacin bazara, bayan 'yan kwanaki za ka tarar ya sunkuya da kansa. Na huɗu irin dutsen da ruwan da ke cikinsa: dutsen gishiri da na laka suna da sauƙin lanƙwasa, farar ƙanƙarar dutse da dutsen niƙa kuwa sun fi son fashewa, ruwa kuma yana raunana kowane iri.

Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa yawancin girgizar da ake yi a tudu take tasowa daga kilomita 15 zuwa 20 na sama, inda dutse ke da sanyi da tauri. Can ƙasa da haka dutse malala yake yi a hankali. Sai fa inda wani faifai mai sanyi ya nutse ƙarƙashin wani, a nan akan sami girgiza har zurfin kilomita 700.

4. Ninki, tsaga da karaya

In matsi ya daɗe a kan duwatsun da ke shimfiɗe hawa-hawa, sukan tattare kamar tabarmar da aka tura daga gefe biyu, wani wuri ya yi tozo, wani ya yi kwari. Wannan shi ne ninki. Wanda ya bi ta yankin Birnin Gwari ko Maru ko Anka, in ya duba inda aka yanka dutse domin hanya, zai ga zane-zane a murɗe a jikinsa. Waɗannan alamu ne na wani babban matsi da ya auku a wannan yanki shekaru kimanin miliyan 600 da suka wuce.

In kuwa dutse ya fashe amma ɓangarorin biyu suka zauna inda suke, wannan tsaga ce kawai. In suka goce wa juna, to an sami karaya, kamar yadda ƙashi kan karye ya goce. Karaya iri uku ce, kowace da ƙarfin da ya haife ta.

Karayar ja ita ce wadda ɓangare ɗaya ke zamewa ƙasa. In aka sami biyu suna fuskantar juna, tsakiyarsu takan faɗa ta zama kwari mai tsawo. Haka Babban Kwarin Afirka ta Gabas ya samu, wanda ya ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya, har yanzu kuwa yana buɗewa. Mu ma muna da namu. Sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce, ƙasa ta tsage daga bakin teku har wajen Gombe da Yola, aka sami Kwarin Binuwai. Teku ya shigo cikinsa ya bar dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Ashaka da Gboko. Daga baya tsagewar ta tsaya, ba ta raba nahiyar ba.

Karayar matsi ita ce wadda ɓangare ɗaya ke hawa kan ɗaya. Tun shekaru kimanin miliyan 50 faifan Indiya yake tunkarar Asiya, ƙasa tana ninkuwa tana hawa kan juna, har aka sami tsaunukan Himalaya. Ƙololuwar Ebarest ta kai mita 8,849, duk da haka dutsen da ke kanta a gindin teku aka yi shi, da burbushin halittun ruwa a ciki. Girgiza mafi girma a duniya daga irin wannan karaya take fitowa.

Karayar guga ita ce wadda ɓangarorin ke wuce juna a kwance. Shahararriyarta ita ce ta San Andareyas a jihar Kalifoniya ta Amurka, mai tsawon kilomita kamar 1,200. Irinta ce ta motsa a kudancin Turkiyya ran 6 ga Fabrairu, 2023, ta kashe mutum fiye da 50,000 a Turkiyya da Siriya.

Kada a ɗauka ninki da karaya sharri ne zalla. Man fetur na yankin Neja Delta, wanda aka fara samu a Oloibiri a 1956, yawanci a ƙarƙashin tozon ninki da jikin karaya yake taruwa. Zinariyar Zamfara da dalmar Abakaliki a cikin tsagogin dutse suka kwanta. A ƙasa mai dutse kuma, masu haƙa rijiyar burtsatse tsaga suke nema, domin a cikinta ruwa yake.

5. Yadda karaya ke haifar da girgiza

Ga gwajin da kowa zai iya yi. A ɗaura robar tayar keke a jikin buhun hatsi, a riƙa ja a hankali. Da farko buhun ba zai motsa ba, robar ce za ta yi ta miƙewa. Can sai buhun ya zabura gaba ɗaya, robar ta saki, ya sake tsayawa. In aka ci gaba da ja, haka zai yi ta yi, tsayawa da zabura.

Haka karaya take. Fuskokinta biyu suna maƙale da juna saboda kaushi da nauyi, amma faya-fayan da ke bayansu ba su fasa tafiya ba. Duwatsun gefe suna lanƙwasa kamar baka, suna tara ƙarfi. In faifai yana tafiyar santimita 3 a shekara, karayar kuma ta maƙale shekara 100, to bashin mita 3 ya taru. Ran da maƙalewar ta kasa, cikin 'yan daƙiƙoƙi za a biya bashin nan duka.

Wanda ya fara bayyana wannan shi ne Harry Fielding Reid, malami a Jami'ar Johns Hopkins. Bayan girgizar da ta rushe birnin San Faransisko ran 18 ga Afrilu, 1906, an tarar da shinge da hanyoyi sun yanke sun goce, a wani wuri har mita 6. Reid ya gwada awon ƙasa na shekarun baya da na bayan girgizar, ya ga cewa ƙasar ta daɗe tana lanƙwasa kafin ta saki. Ya buga bayaninsa a 1910, har yau kuwa a kansa ake gini.

Wurin da karyewar ta fara a cikin ƙasa shi ne cibiya, wurin da ke daidai bisanta a sarari kuma shi ake ambata a labarai. Daga cibiya ƙarfin yake bazuwa kamar yadda ruwan tafki ke yin zobe in an jefa tsakuwa. Igiyar farko tana tura dutse gaba da baya, tana gudun kilomita 6 a daƙiƙa. Ta biyu tana kaɗa shi gefe da gefe, gudunta kamar kilomita 3 da rabi, ba ta kuma ratsa ruwa. Daga baya sai masu bin saman ƙasa su iso, su ne suka fi rushe gini. Masana suna duba tazarar da ke tsakanin isowar ta farko da ta biyu su san nisan girgizar; in tashoshi uku suka haɗa awonsu, sai a gane wurin. Bayan babbar girgiza kuma ƙanana sukan biyo baya kwanaki ko watanni, kafin duwatsu su daidaita.

In karayar matsi ta motsa a ƙarƙashin teku, takan ɗaga ruwan gaba ɗaya, ya taso wa gaɓa. Wannan ita ce tsunami, irin wadda ta taso daga Sumatara ran 26 ga Disamba, 2004, ta halaka mutum kusan 230,000, har ta kai gaɓar Somaliya.

6. Awon girgiza

A 1935 Charles Richter ya ƙago ma'aunin girman girgiza. Masana sun sake masa tsari tun 1979, amma lissafin bai sake ba: ƙarin lamba ɗaya yana nufin ƙarfin ya ninka kamar sau 32. Saboda haka girgiza mai lamba 7 ta fi mai lamba 5 ƙarfi sau 1,000. Mafi girma da na'ura ta taɓa aunawa ita ce ta ƙasar Cile ran 22 ga Mayu, 1960, mai lamba 9.5.

Amma girman lamba ba shi kaɗai ke ƙayyade yawan asara ba. A 2010 girgiza mai lamba 7.0 ta kashe mutum fiye da 100,000 a Haiti. Bayan mako shida da 'yan kwanaki, mai lamba 8.8 ta auka wa Cile, ta kashe kimanin 500. Babban bambancin shi ne Cile tana da dokar gini, ana kuma bin ta. Irin ƙasar da aka yi gini a kai ma tana da tasiri: a 1985 birnin Meziko ya yi mummunar asara, alhali cibiyar girgizar tana nesa da kilomita kamar 350, domin an gina sashen birnin a kan lakar tsohon tafki, laka kuwa tana ƙara kaɗawa.

7. Ina Nijeriya ta tsaya?

Kimanin kashi 80 cikin 100 na manyan girgizar duniya a kewayen Tekun Fasifik suke aukuwa, wani babban kaso kuma a layin da ya taso daga Bahar Rum ya bi ta Turkiyya da Iran zuwa Himalaya. Nijeriya tana tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakinsa, don haka haɗarinta kaɗan ne in an gwada da waɗancan ƙasashe.

Kaɗan kuwa ba babu ba ne. Tsofaffin karaya suna kwance a ƙarƙashinmu, kamar wadda ta taso daga Ifewara a Jihar Osun ta nufi Zungeru, kuma matsin da ke tasowa daga tsakiyar Atlantika yana iya motsa su, yadda tsohuwar karayar ƙashi kan tashi lokacin sanyi. An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, da sassan kudu maso yamma ran 11 ga Satumba, 2009, da Kwoi a Jihar Kaduna a Satumba 2016, da Mpape a Abuja a Satumba 2018. Duk ƙanana ne. Maƙwabtanmu kuwa sun ga manya: Akara, babban birnin Gana, ran 22 ga Yuni, 1939, da arewa maso yammacin Gini ran 22 ga Disamba, 1983, inda ɗaruruwan mutane suka rasu. Girgizar Maroko ta 8 ga Satumba, 2023, mai lamba 6.8, ta kashe kusan mutum 3,000, yawancinsu a ƙauyuka masu ginin ƙasa da dutse.

Domin sa ido a kan wannan ne aka kafa Cibiyar Nazarin Motsin Ƙasa a Toro ta Jihar Bauci, Hukumar Binciken Duwatsu ta Ƙasa ma, wadda asalinta ya koma 1919, tana da na'urorin awo.

8. Abin da ya wajaba ga kowa

Da farko, a guji jita-jita. Masana suna iya nuna yankin da ke da haɗari, amma babu wanda ke iya faɗin rana ko sa'ar girgiza. Abin da Japan da Meziko suke da shi gargaɗi ne na 'yan daƙiƙoƙi bayan karayar ta riga ta motsa. Duk saƙon waya da ya ce za a yi girgiza daren kaza, ƙarya ne, kada a tura shi gaba.

Na biyu, a gyara gini, domin rushewar gini ce ke kashe yawancin mutane. Mai gina bene ya sa a gwada ƙasar wurin, musamman fadama da ƙasar cike. Ya nemi injiniya mai rajista da izinin hukuma. Kada a rage siminti ko rodi, kada a ƙara hawa a kan harsashin da ba a yi dominsa ba, a kuma ɗaure bango da linta ta zagaye ginin. Ginin da aka yi haka ya fi jure ambaliya da iska ma.

Na uku, in ƙasa ta motsa kana cikin ɗaki, ka durƙusa, ka shiga ƙarƙashin tebur ko gado mai ƙarfi, ka kare kanka da wuyanka har ta lafa. Kada a yi turereniya a matakala, kada a shiga lif. Wanda ke waje ya nufi fili, nesa da katanga da turakun lantarki. Mai mota ya tsaya inda babu gada. Wanda ke bakin teku, in ya ji girgiza mai ƙarfi ko ya ga ruwa ya janye ba zato, ya nufi tudu nan da nan. Bayan ta wuce kada a koma cikin ginin da ya tsage sai masana sun duba, a kuma sanar da mai unguwa da ƙaramar hukuma da hukumar ba da agajin gaggawa lokacin da abin ya faru da irin abin da aka gani, domin wannan bayani yana taimakon masu bincike.

Tafiyar faya-fayan ƙasa ba ta hannun ɗan Adam, amma ingancin bangon da iyalinsa ke kwana a ƙarƙashinsa yana hannunsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin bita

1. Ambaci ƙarfi iri uku masu jirkita siffar dutse, da irin karayar da kowanne ke haifarwa.
2. Me ya sa dutsen da ke can zurfi ya fi saurin lanƙwasa da fashewa?
3. Mene ne bambancin tsaga da karaya?
4. In faifai yana tafiyar santimita 4 a shekara, karayarsa ta maƙale shekara 150, mita nawa za ta goce in ta saki gaba ɗaya?
5. Me ya sa girgizar Haiti ta fi ta Cile kisa a 2010, alhali ta Cile ta fi girma?